Kallon Kitse Ake Yi wa Rogo

Adre, gabashin Chadi

Yaya,

 Ina fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya, da Hajiya da jikin nata. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni ma nan lafiya lau, sai ƙura da kewar gida.

Saƙonka na murya ya iso tun ranar Talata, kuma sau uku na saurare shi. Na ɗauki waya zan mayar maka, sai na tuna ban taɓa iya yi maka musu baki da baki ba, ko da a waya ne. Shi ya sa na zauna na rubuta, daren nan da ba ni da aikin kwana. Ka yi haƙuri da tsawonta.

Abu biyu ka faɗa. Na farko, wai a wurin sunan gidan Baffa ana ta zancen dala nake kwasa, har Baffa ya ce kujerarsa ta Makka a wuyana take. Na biyu, wanda ya fi yi mini ciwo, ka ce ranar da jinin Hajiya ya hau kuka kai ta asibiti, awa huɗu kuna kan benci ba likita, alhali ɗan cikinta likita ne, yana can yana duba 'ya'yan wasu. Ba ka yi ƙarya ba. Zan zo kan wannan. Bari in fara da dalar, ita ce mai sauƙi.

Ka gaya wa Baffa ba dala ba ce, riyal nake ci. Sai dai ba irin na abokan karatuna da suka tafi Saudiyya ba. A kasuwar Adre sefa biyar ake ce wa riyal, kamar dai yadda mutanen Maraɗi suke ce wa sefa biyar dala. In mai shayi ya ce maka ashirin, sefa 100 yake nufi. Kujerar Makka kuwa, wadda na ji a 2025 ta haura naira miliyan 8, ka ce masa ya ci gaba da addu'a, ni ma ina yi.

Ga yadda abin yake, ba ɓoye-ɓoye. Albashi a yuro ake biya, wata-wata, cikin asusuna na banki, kuma tun da na fara bai taɓa tsallake ranarsa ba. Akwai kuɗin abinci da ake ba mu a hannu, a sefa, wanda in ka lallaɓa zai kai ka ƙarshen wata har da katin waya. Ɗaki kyauta ne, in dai za a kira shi ɗaki: bulo da rufin kwano, gado, gidan sauro, da fanka mai aiki da hasken rana. Kuɗin jirgin zuwa da komawa nasu ne. Alluran rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro nasu ne. In na kwanta ciwo su za su biya. In ya fi ƙarfin Abeshe a kai ni Njamena, in ya fi ƙarfin Njamena a fitar da ni ƙasar. Duk bayan 'yan makonni a ba ka kwana kaɗan ka je babban birni ka rama barci. Iyakacinsa ke nan.

Abin da ba a faɗa a wurin suna shi ne kwantiragin na wata tara ne. Ran da ya ƙare albashi ya ƙare, sai ka dawo gida kana gadin waya, wata biyu, wata huɗu, kafin a ce ga wani wuri. Ka gani da idonka bara da na zauna muku har kuka fara tambayata ko korata aka yi. Ba giratuti. Ba asibitin kuɗi da mutum zai leƙa da yamma ya ƙara ɗan wani abu. Karatun ƙwarewar da na faro ya tsaya cik, tsararrakina sun zama kwansaltan, ni ina nan ina auna damtsen yara da tef. Tun kuwa da Amurka ta ɗaure bakin jakarta a farkon 2025, aka rushe hukumarta ta USAID, ƙungiyoyi da dama suka sallami ma'aikata, kowa a nan yana kwana da ido ɗaya.

Faɗuwar naira ce ta kumbura kuɗin a idonku. Kafin watan Yunin 2023 dala a banki ba ta kai naira 500 ba, a Wapa tana wajen 750. Farkon 2024 ta haura 1,500. Ban ƙara ko minti ɗaya a aikina ba, aka wayi gari albashina ya ninka a bakin 'yan canji. Amma buhun shinkafa bai tsaya jirana ba, kai ka fi ni sani, tun da kai kake zuwa Dawanau.

Ƙarancin kuɗin kuma daga tushen sana'ar yake. Babbar ƙungiyar nan da kowa ya sani, MSF, waɗanda suka zo Zamfara a 2010 lokacin da gubar dalma take kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, likitocin Faransa da 'yan jarida ne suka kafa ta a Paris a 1971, wasunsu bayan sun dawo daga yaƙin basasarmu, ɓangaren Biyafara. Aikin sa-kai suka ɗauke shi: mutum ya bar asibitinsa 'yan watanni, ya je ya taimaka, ya koma kan kujerarsa. Tamu ba ita ba ce, amma da wannan tunanin akasarinsu suka tashi, wato ana ba ka abin da zai riƙe ka ne, ba abin da zai azurta ka ba. Masu kwasar dala na gaskiya su ne ma'aikatan ƙasa da ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya: alawus na wahalar wuri, alawus na haɗari, har da kuɗin makarantar 'ya'ya. In sun wuce a manyan motocinsu mu ne muke shan ƙurarsu. Duk da haka ba zan butulce ba. Ka tuna alawus ɗin haɗarin da na yi shekara da shekaru ina karɓa a gida, naira 5,000 a wata, a ƙasar da zazzaɓin Lassa yake kashe likitoci.

Akwai wata likitar yara a nan, 'yar ƙasar Holan. Mataki ɗaya muke, albashinmu ɗaya, ko sisi ba ta fi ni ba. Ta ce mini abin da ake ba ta bai kai rabin abin da take samu a garinsu ba, danginta har tausayinta suke ji. Ni kuwa kuɗin nan ɗin ne ya sa ake zancena a wurin suna. Wata rana ta ga ina rubuce-rubuce a bayan takarda, ta tambaya, na karanta mata: Hajiya da magungunanta, uwargida da yara uku, kuɗin makarantar marayun marigayi, kayan ɗakin Auta, rufin ɗakin Gwaggo da damina ta ci, da 'yan "Allah ya sa ka tuna da mu" waɗanda ba a rubuta su amma ba a manta su. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni, da gaske ba ba'a ba, wai wace doka ce ta wajabta mini. Na buɗe baki na rasa ta inda zan faro. Sai na ce, to ke naki albashin wa yake ci? Ta ce ita. Ita kaɗai, Yaya.

Wannan ya kawo ni kan firji. Bari in ba ka labarin firji, don shi ne abin da ya tsaya mini a wuya tun zuwana har yau.

Mu goma sha huɗu ne a gidan, firji ɗaya a baranda. In ka buɗe shi, komai da suna. Suna liƙa farin tef su rubuta da biro. Cuku da suna, cakulan da suna, ruwan sanyi a gora da suna. Wallahi na ga rabin lemon tsami, rabi fa, an naɗe shi a leda an rubuta sunan mai shi da kwanan wata. A makona na farko na dawo daga aikin kwana, maƙogwarona kamar an zuba yashi, na buɗe na ga wani ɗan kofin kindirmo irin nasu, na yi bismillah na shanye. Na ga rubutun, amma na ɗauka sunan kamfani ne. Washegari sai ga sanarwa a allon baranda, ana cigiyar wanda ya sha. Ban gane da ni ake ba. Ranar Asabar muka zauna taron gida, bayan zancen tsaro da na janareta, sai shugabar aiki ta ce abu na uku a jadawali shi ne girmama kayan juna a firji. Manyan mutane, Yaya, masu digiri bi da bi, har da wani dattijo likitan tiyata mai furfura wanda ya yi aiki a wuraren yaƙi tun ina firamare, suka shafe rubu'in awa suna shawarar ko a raba wa kowa kantarsa. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage. Na ɗaga hannu na ce ni ne. Don in nuna mata abin ya yi muni, na zaro sefa 1,000 na miƙa wa mai kindirmon, ina jiran ta ce haba, haba, mayar da kuɗinka. Ta karɓa. Ta shiga ɗaki ta kawo mini canji. Ta yi mini godiya da murmushi, ta ce na kyauta da na faɗi gaskiya.

Ba a nan ya tsaya ba. Mutum zai zauna kusa da kai, gwiwa na gugar gwiwa, ya farke ledar biskit, ya cinye tas yana yi maka hira, ko tayin baka babu. Ba ƙiyayya ba ce, yana ƙaunarka, kawai bai ga alaƙar bakinka da biskit ɗinsa ba. Mu da ko a tasha, ko ba ka san mutum ba, ba ka kai loma baki ba ka ce masa bismillah ba, shi kuma ya ce alhamdu lillahi, kowa ya fita kunyar kowa. Da na dawo daga hutu na kawo kilishin Agadasawa na baje a tebur na ce kowa ya ci. Suka tsaya cirko-cirko, kowa sai ya tambaye ni ko na tabbata. Ɗaya, bayan ya ci har hawaye na zuba saboda yaji, ya bi ni ɗaki yana tambayar nawa ne kasonsa.

Na Njamena ya fi ban takaici. Wani ya ce ranar haihuwarsa ce, ya gayyace mu cin kifi a bakin kogin Shari, inda kake hango fitilun Kusuri ta Kamaru a tsallake. Shi ya gayyata, da bakinsa. Na sa kaftanina mai kyau, na tafi ba ko sisi a aljihu sai kuɗin mota, don wa ya taɓa zuwa walima da kuɗin tuwo? Aka ci aka sha, su suka sha abin da suke sha, wanda ba zan ɓata takarda a kansa ba. Da takardar kuɗi ta zo sai kowa ya zaro waya. Wa ya ci kifi babba, wa ya ƙara dankali, wa ya sha kwalba biyu. Mai gayyar yana zaune yana jiran a gaya masa nasa kason. Wani ɗan Kwango ne ya lura da fuskata, ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur ya biya mini, muka haɗa ido, ba wanda ya ce uffan. Ita kuwa 'yar Holan ɗin, a hanyar komawa take gaya mini, da alfahari, saura wata huɗu ta gama biyan babanta bashin da ya ba ta ta sayi mota. Uban da ya haife ta! Da takarda, da ranar biya. Na ce a raina, inna lillahi, wane irin arziki ne wannan da uba zai bi 'yarsa bashi, ɗan'uwa ya kasa shan ruwan ɗan'uwansa? Mu da aka tashe mu a kan yawan hannu a kwano shi ne albarkar tuwo. Abincin da aka rubuta wa suna ta ina albarka za ta shige shi? Ka riƙa gaya wa yaran nan masu mafarkin Turai, ba duk abin da ke ƙyalli ake sa wa a baki ba. Mutum ya tara duniya ya ci shi kaɗai, tsohuwarsa tana gidan gajiyayyu yana kai mata fure sau ɗaya a wata, ina amfanin baɗi ba rai?

Na ga na cika takarda da zancen firji. Ka yafe ni. Kuma don kada in yi maka ƙarya: yajin da uwargida ta daka mini, wanda wani ɗan Italiya ya gano daɗinsa har ya kusa ganin gindin kwalbar, yanzu akwai suna a jikinsa. Da ƙananan baƙi na rubuta, can ƙasa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa ko ba na so. Ita mai karɓar kuɗin kindirmon, na ga ta kwana a tsugune kan wani yaro mai tamowa da numfashinsa yake ɗaukewa, tana matsa masa iska da hannu har asuba, ba ɗanta ba, ba addininta ba, ba ta ma jin yaren uwarsa. Da safe ta wanke fuska ta shiga zagayen marasa lafiya, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Dattijon nan mai furfura, in ranar wankin kwanukansa ta zo, shi yake wankewa, direba yana zaune yana shan shayi. Jadawalin albashi a buɗe yake, kowa ya san matakin kowa. Ban san kowa ba aka ɗauke ni, ba wanda na kai wa goro. Majiyyaci ba ya biyan ko sisi, kuma ba a taɓa rubuta wa uwa takarda a ce ta je kemis ta sayo safar hannu da ruwan ƙari ba. Ɗakin magani ana ƙirga shi kwalba-kwalba, in allura ɗaya ta ɓace sai an san inda ta shiga. Wani dare ina kwance sai tunani ya zo mini, ko dai lissafin da ya sa suke rubuta suna a kan rabin lemo shi ne ya hana allurar ɓacewa? Ko kunyar da ta hana mu cin biskit mu kaɗai ita ce take hana mu ce wa ɗan'uwa ajiye, wannan na asibiti ne? Ban ce haka ne ba. Tunanin dare ne, na yi a'uziyya na juya.

Su ma adalcin nasu yana da iyaka, kuma iyakar a gabana take kullum. Akwai likita ɗan Chadi da muke aiki a ɗaki ɗaya. A Njamena ya yi karatu, yana jin Larabcin nan da Faransanci, ya san wace uwa ce za ta gudu da ɗanta cikin dare in ba a lallashe ta ba. Rabin abin da na iya a wurin nan shi ya koya mini. Amma shi ma'aikacin gida ne, ni na waje. A sefa ake biyansa, a wani jadawali dabam, ƙasa da nawa nesa ba kusa ba. Shi yake biyan hayarsa. In gari ya rikice, ni akwai kujerata a jirgi, shi sai dai ya rufe ƙofa ya yi addu'a. Hujjarsu ita ce ana biyan kowa daidai da kasuwar ƙasarsa don kada a kwashe wa asibitocin gwamnati ma'aikata, kuma baƙo ya bar iyalinsa, ba shi da dangin da zai fake a wurinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni na yi aikin gida da wata ƙungiya kafin in fito, na san yadda hujjar take ɗaci in kai ne a ƙasa. Ba ni kaɗai na gani ba: a 2020 ma'aikatan MSF na da da na yanzu kimanin 1,000 suka sa hannu a wata wasiƙa suna ƙorafin wariya a cikin ƙungiyarsu, kuma har yau ana ta gyare-gyare a ƙungiyoyi da yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ma'aikatan agaji 383 aka kashe a 2024, kuma mafi yawansu 'yan ƙasa ne, ba irinmu masu kujera a jirgi ba. Ƙasa da shi kuma akwai likitocin Sudan da nas-nas da suka tsallako da ƙafa, suna kwana a rumfar leda a sansani, da safe su sa farar riga su zo aiki, a ba su ɗan abin da ake kira kuɗin ƙarfafa gwiwa. Ɗaya daga cikinsu ya girme ni a aiki da shekara goma. In na shiga farar motarmu yara suna bin mu suna ihun nasara, nasara, sai in waiga in ga wa suke nufi. Da ni suke.

Yanzu zancen Hajiya. Da labarin ya iso na je wurin mai kula da ma'aikata na tambaya ko inshorata za ta ɗauki jinyarta. Ta buɗe takarda ta nuna mini: iyali a wurinsu mata ce da 'ya'yan cikinka waɗanda ba su girma ba. Uwa ba ta ciki. Na ce uwa fa? Ta ce ta gane, ta ba ni haƙuri, har ta ce in ina so a haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwar da suke biya don mu riƙa fayyace masa damuwarmu ta waya. Na gode mata na fito. Na tura kuɗi, ka san na tura, kuma da kuɗin aka mayar da ita asibitin kuɗi aka yi hoton kai. Da ina gida, da ni ne zan tsaya a kanta, amma da ba mu da kuɗin hoton. Na juya wannan lissafin ya fi sau ɗari, bai taɓa ba ni amsa ɗaya sau biyu ba.

Ka san yadda na bar asibitin can. Wata biyar ba albashi. Na yi wa mace tiyatar haihuwa da fitilar waya a bakin nas. Na sanar da mutuwar yaran da na san maganinsu, na san kuɗinsa, na san ba ya cikin kanta. Da 'yan majalisa suka kawo ƙudurin nan a 2023 na a tsare sabon likita shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi, dariya na yi, don ba a ɗaure akuya a turken da ba dusa. Amma ba zan ɓoye maka ba, awa huɗun nan da kuka yi a kan benci, gurbin wani irina ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na sani. Abin da kawai zan ce, ban tafi Landan ko Riyad ba, ko da yake na sami hanya. A zuwana na farko, watan Yunin 2023, wata biyu da ɓarkewar yaƙin Sudan, aka kashe gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, mutanen Junaina, akasarinsu Masalit, suka kwararo nan da ƙafa, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai. Ɗaruruwa da harbin bindiga, da yawa a baya aka harbe su, suna gudu. A ƙasa muke shimfiɗa su. Ka ce 'ya'yan wasu nake dubawa. Haka ne. Ban dai ga wasun ba, don da yawa a hanya aka bar su.

Kuma ba baƙi ba ne can-can. Sallarsu irin tamu, tuwon geronsu da miyar busasshiyar kuɓewa kamar daga madafin Gwaggo, zoɓo ma suna sha, karkanji suke ce masa. Ta nan hanyar alhazan ƙafa ta bi, daga Barno zuwa Abeshe, Adre, Junaina, Fashir, har bakin Bahar Maliya, kuma ba duka suka isa ba, ba duka suka dawo ba. Ka tuna labarin da Malam yake ba mu na mutanen Sarkin Musulmi Attahiru, da aka kashe shi a Burmi a 1903, ɗansa ya wuce da sauran jama'a har suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Watan jiya aka kawo wata tsohuwa da jikarta mai ƙyanda. Ina fama da guntun Larabcina, sai ta ji na ce wa yarinyar sannu. Ta kama hannuna ta ce, ɗan nan, kai ɗan wane gari ne? Da wata irin Hausa ta tsofaffi, wadda rabona da ji tun rasuwar Kaka. Kakanta ne ya fito daga ƙasar Katsina zai tafi Makka, guzuri ya ƙare a Darfur. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ta tambaye ni ko har yanzu ana yin fura a can. Na ce ana yi, Iya. Na fita bayan tanti na daɗe ban dawo ba.

Kada ka ɗauka ina wanke kaina ne. Kullum ina tuhumar niyyata. In na ce don Allah nake yi, sai in tuna ranar biya na sani sarai, har ƙararrawa na sa mata a waya. In na ce don kuɗi ne, sai in tuna akwai inda ya fi nan kuɗi da sanyi. Ka tambayar mini Malam, mutumin da ya fita neman halal don iyalinsa, aikin kuma ya zamo na ceton rai, amma ya bar mahaifiya da ciwo a hannun ɗan'uwansa, ina matsayinsa? Kada ka ce ni ne, ko da yake zai gane.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ainihin abin da ya sa na rubuto. Cikin alfanun aikin akwai inshorar rai. In ta Allah ta kasance a bakin aiki, akwai kuɗin da za su biya. Takardar tana so ka rubuta sunan wanda za a ba, da kashi nawa cikin ɗari. Abokan aikina minti ɗaya suka cike, wani budurwarsa ya rubuta, wata ƙungiyar kula da karnuka. Ni kwana uku tana kan gadona. Ina ni ina raba gado da biro, bayan an riga an raba, tumuni ga mata, sudusi ga uwa, namiji rabon mata biyu? Daga ƙarshe sunanka na rubuta, ɗari bisa ɗari. Ba naka ba ne, amana ce. In ya zo ka kai gaban malamai su faɗi hukuncinsa, a fara biyan bashin mai kemis na bakin kasuwa, yana cikin littafin da ke durowar uwargida. Kada Hajiya ta ji wannan.

Akwai kuma wata takardar da suke sa mu cike saboda masu garkuwa da mutane, mai tambayoyin da ba wanda ya san amsarsu sai kai, don a tabbatar kana raye. Lambarka na bayar. In wata rana baƙuwar murya ta kira ka daga ofis tana neman ƙarin tambaya, kada ka firgita, kada ka yi dogon tunani. Ka ce su tambaye ni wa ya fasa randar Kaka, aka doki wani a madadinsa. Shekara talatin ke nan, kuma har yau ban ba ka haƙuri ba.

Na turo na wannan watan ta hannun mai canjin da ka sani. A cire na maganin Hajiya tukuna, a riƙa auna mata jini safe da yamma a rubuta a takarda, ka ɗauki hoto ka turo mini, kuma a rage mata gishiri da dunƙulen miya ko za ta yi faɗa. A ba Auta na katifa. Baffa a ba shi na goro, a ce ina gaishe shi da kyau. In akwai mai zuwa Njamena ta Maiduguri da Gamboru, a aiko mini da daddawa da kuka, da wata kwalbar yajin.

Ka gaida Yaya babba da yara, da mutanen majalisa, da liman. Ka ce wa Hajiya ta ci gaba da sa mini albarka, saura wata huɗu in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Ƙaninka.